"Bincike ya nuna": wane bincike, a kan su wa, a ina?

Kwanakin nan da wuya ka saurari shirin safe a rediyo har ya ƙare ba ka ji an ce "bincike ya nuna" ba. Mai maganin basir da ya ɗaura lasifika a kan mota a bakin Kasuwar Barci yana faɗa. Ɗan siyasar da aka gayyato ya kare gwamnati yana faɗa, wanda ya zo sukarta ma da ita yake buɗe baki. A WhatsApp kuwa ba a magana, kusan duk saƙon da aka ce ka tura wa mutum goma da ita yake farawa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda musu ke mutuwa da zarar an furta ta. Mai gabatar da shiri ya ce "to, madalla", a wuce, babu mai cewa, "Ranka ya daɗe, wa ya yi binciken, kuma a kan su wa?"

Ma'anar kalmar a zahiri ba ta buƙatar bayani, duk wanda aka taɓa zazzage wa jaka a shingen jami'an tsaro ya san ta. Rikicin yana inda muka ɗora mata kaya uku. Akwai binciken 'yan sanda da na kwamitin da gwamnati ke kafawa bayan gobara ko ɓatan kuɗi, wanda ke neman abin da ya riga ya faru da wanda ya jawo shi. Akwai "na yi bincike" na wanda ya shiga intanet ya karanta shafi biyu. Sai binciken ilimi, wanda ke ɗaukar tambaya guda, ya gwada ta a kan wasu mutane, don a san abin da za a yi wa wasu da ba a gwada a kansu ba. Mai magana a rediyo yakan yi na biyun, ya ari kwarjinin na ukun. Na ukun kuwa kullum yana tafe da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan ne ake yarwa a hanya. Labarin huhun bakwaini ya ishe mu misali.

Huhun jariri yana cikin gaɓoɓin da ke nuna a ƙarshe. Cike yake da 'yan ƙananan jakunkunan iska, kuma sai jiki ya shafe cikinsu da wani ruwa mai santsi kafin su iya zama a buɗe. In babu ruwan, duk fitar numfashi sai su manne, kamar jiƙaƙƙiyar leda da kake fama ka raba bakinta, jaririn ya yi ta kokawar sake buɗe su har ƙarfinsa ya ƙare. Ruwan yana fara samuwa wajen mako na 24 na ciki, ba ya wadata sai wajen mako na 34 zuwa 35. A 1959 wasu masu bincike a Amurka, Mary Ellen Avery da Jere Mead, suka nuna cewa rashinsa ne ke kashe bakwaini da yawa. Sanin dalili bai zama magani ba nan take. A watan Agustan 1963 ɗan shugaban Amurka John Kennedy, wanda aka haifa saura makonni, ya rasu da wannan ciwo bayan kwana biyu, duk da asibitocin ƙasar.

Mafitar daga tumaki ta ɓullo. Wani likitan mata a birnin Okland na ƙasar Niyu Zilan, Graham Liggins, yana nazarin abin da ke tayar da naƙuda, sai ya riƙa ɗura wa 'ya'yan tumaki sinadarin kotisol, wanda jiki ke samarwa da kansa, tun suna ciki. Tumakin suka haihu da wuri kamar yadda ya zata. Abin da bai zata ba shi ne ya tarar da ɗan tunkiyar da bai kamata huhunsa ya riƙe iska ba yana numfashi. A irin namu salon, nan take za a shelanta cewa bincike ya nuna. Shi bai yi haka ba, domin tunkiya ba mace ba ce, kuma abin da ka gani da ido sau ɗaya yana iya zama dace. Ya haɗu da likitan yara Ross Howie, suka ɗauki mata 282 da haihuwa ta zo musu da wuri, suka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukuni ɗaya aka yi musu allurar betamethasone, maganin da ke aiki irin na kotisol, ɗayan aka yi musu wadda ta yi kama da ita a ido amma ba ta da wannan ƙarfin, kuma likitan da ke duba jaririn bai san wacce aka yi wa uwar ba. A sakamakon da suka wallafa a 1972, cikin matan da naƙuda ta taso musu da kanta, ciwon numfashin ya kama kashi 9 cikin ɗari na jariran da aka yi wa iyayensu maganin, ya kama kusan kashi 26 na ɗaya rukunin.

Ƙuri'ar nan ita ce ƙashin bayan aikin. Da likita ne ke zaɓar wadda zai yi wa allura, zai iya karkata ga masu ƙarfi-ƙarfi ko masu hali ba tare da ya ankara ba, sai a yaba wa magani abin da ba shi ya yi ba. Duk da haka likitoci ba su runguma ba. Sai da wata likitar mata, Patricia Crowley, ta tattaro gwaje-gwajen da aka yi a wurare daban-daban ta haɗa lissafinsu, sannan a 1994 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta tara masana suka ce a riƙa yi. Fiye da shekara ashirin ke nan jarirai na mutuwa alhali amsar tana rubuce. Wannan ma laifi ne, kuma na faɗe shi don kada a ɗauka ina kiran mutane su yi watsi da ilimi.

Maganin ba shi da tsada, 'yar uwar betamethasone mai suna dexamethasone ma tana yin aikin, kuma ko a kemis ɗin unguwa akwai ta. Saboda haka aka ce a kai shi ƙasashe matalauta, inda bakwaini suka fi mutuwa. Aka gwada a Ajantina da Gwatamala da Indiya da Kenya da Pakistan da Zambiya, a kan haihuwa kusan dubu 100. An koyar da ma'aikatan ƙananan asibitoci da ungozomomi su gane mai shirin haihuwa da wuri, aka ba su allurar a hannu. Sakamakon da ya fito a mujallar Lancet a 2015 ya girgiza kowa. Mutuwar ƙananan jariran ba ta ragu ba, kuma a jimlace inda aka baza maganin jarirai kusan 27 cikin dubu suka mutu, inda ba a baza ba kusan 24. Alamun kamuwa da ƙwayoyin cuta ma sun ƙaru a tsakanin iyaye mata. Babban abin da aka lura da shi shi ne yawancin matan da aka yi wa allurar ba bakwaini suka haifa ba. Babu na'urar hoton ciki da za ta tabbatar da watanni, da lissafin al'ada da awon tudun ciki aka dogara, kuma waɗanda suka haifi bakwainin na gaskiya ba su da inda za a sa musu jariri a kwalba ko a ba shi oksijin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake ɗaura ɗamara. Ta yi wani gwajin a asibitoci 29 a Bangaladash da Indiya da Kenya da Pakistan da Najeriya, mata 2,852, duk an tabbatar da hoton ciki cewa cikin ya kai mako 26 bai cika 34 ba, duk a asibitin da zai iya riƙe jaririn. A 2020 aka ga jariran da suka mutu sun kai kashi 19.6 cikin ɗari a rukunin maganin, kashi 23.5 a ɗaya rukunin. Aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa, domin bai halatta a ci gaba da hana rabin matan abin da ya tabbata yana ceton rai ba.

To a wannan magana me bincike ya nuna? Wanda ya ce allurar tana ceton bakwaini ya faɗi gaskiya, wanda ya ce ta taɓa ƙara mace-mace shi ma bai yi ƙarya ba. Cikakkiyar maganar doguwa ce: tana amfani idan an san makonnin cikin da tabbaci, ana sa ran haihuwar cikin mako guda, uwar ba ta da alamar ƙwayoyin cuta a jiki, kuma akwai wurin kula da jaririn. Ka datse wannan doguwar jimla ka bar "bincike ya nuna allurar kaza tana ƙarfafa huhun jariri", ka sake ta a garin da mai kemis ke yin allura a bayan labule, ka ga irin ɓarnar da za ta biyo baya. Ga mai ciki a Rigasa ko Tudun Wada, ribar duk wannan aiki ita ce ta fara awo da wuri, a yi mata hoton ciki tun cikin yana ƙarami, domin a lokacin ne lissafin makonni ya fi daidai. In ruwa ya fashe ko ciwon mara ya taso kafin lokaci, a nufi babban asibiti irin Barau Dikko ko Shika, kada a tsaya gwaji a gida.

A ɓangaren wutar lantarki matsalar ta ɗan sha bamban. Can ma akwai binciken da aka yi da gaske. Charles Dalziel na jami'ar Kalifoniya ya sa masu sa kai sun damƙi waya, yana ƙara musu ƙarfin wuta sannu a hankali, har ya gano inda hannu ke ƙin sakewa: kimanin miliamp 16 (ma'aunin yawan wutar da ke ratsawa) ga maza, ƙasa da haka ga mata. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 a wutarmu ta bolt 230 yana jan kusan miliamp 260. Wato abin da ke liƙe mutum a jikin waya bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ƙwan ɗaki ke sha ba. Daga irin wannan aiki aka ƙero na'urar da ke katse wuta cikin ƙiftawar ido da zarar ta ji tana zurarewa, wadda a gidaje ake saita ta a miliamp 30, wadda kuma magidanta da yawa ke cewa mai haɗa musu wuta ya bar ta don rage kuɗi.

Inda kalmar ta fi shan wahala shi ne wajen wayar da kai. Za a je makaranta, a raba wa yara takardar tambayoyi, a yi musu lacca kan haɗarin wuta, a sake raba takardar, makin ya tashi, a rubuta cewa bincike ya nuna shirin ya yi nasara. Ɗalibanmu na jami'a da na kwalejin fasaha suna cika kundayen kammala karatu da irin wannan, kuma ban raina wahalarsu ba, da kuɗin aljihunsu suke yi. Amma abin da aka auna shi ne yaro ya tuna amsa bayan awa guda. Ba a auna ko zai fasa hawa bishiyar da reshenta ke gogar waya ba, ko mahaifinsa zai daina canja layi a katawut da jiƙaƙƙen hannu in an ɗauke wuta a layi ɗaya. Mai shagon da ya kafa rumfar kwano ƙarƙashin manyan wayoyin da ke fita daga tashar wutar lantarki ta Mando ya san wuta tana kisa, in ka ba shi takarda zai cinye duk tambayoyin. Ƙa'ida ta ware fili mai faɗin mita 50 ga layin kilobolt 330, mita 30 ga na 132, shi kuma kuɗin haya ne ya zaunar da shi a wurin.

Har abin da ake koyarwar ma yana da sharaɗi, kuma shi ma ana datse shi. Kowa ya haddace cewa in wuta ta kama mutum a ture shi da busasshen katako. Wannan na wutar cikin gida ne, kuma bayan an rasa yadda za a kashe ta daga tushe. Idan babbar waya ce ta tsinko daga falwaya, katako ba ya kare kowa, ƙasar da ke kewaye da ita ma ɗauke take da wuta, balle da damina. A nan sai a ja baya aƙalla mita goma, wanda ya tsinci kansa kusa ya fita yana jan ƙafafu a haɗe ba tare da buɗe taku ba, a tare yara da dabbobi, a kira masu wuta su kashe layin. Yaron da aka ba shi rabin darasin zai ruga da sanda ya ceci abokinsa, a yi gawa biyu.

Ana iya gwada wayar da kai kamar yadda aka gwada allurar. A ɗauki unguwanni masu kama da juna a Kaduna, a yi ƙuri'a, a koyar a wasu, a jinkirta wa wasu zuwa baɗi. Bayan damina a koma a ƙirga abin da ido ke gani: gidaje nawa suka sa na'urar katse wuta, wayoyi nawa ne har yanzu a tsirara a bakin mita, rumfuna nawa suka tashi daga ƙarƙashin layi, mutum nawa aka kai asibiti da ƙunar lantarki. Hukumar NERC mai sa ido kan harkar wutar lantarki a Najeriya tana fitar da adadin waɗanda suka mutu da waɗanda suka jikkata a rahotonta na kowane wata uku, amma daga abin da kamfanonin wuta suka kai mata take haɗa shi. Matar da wuta ta ja a jikin igiyar shanya a tsakar gidanta, aka yi mata sutura kafin la'asar, sai an bi gida-gida an tambayi masu unguwa da limamai kafin ta shiga lissafi, kuma wannan aiki ne da sassan lafiyar al'umma da na injiniyan lantarki a jami'o'inmu za su iya haɗa hannu su yi.