Hoton da ka tsinta a intanet yana da mai shi

Tela a Idi-Araba ko mai kilishi a Agege in zai buga sitika ko allon talla, yakan nufi Shomolu, unguwar masu ɗab'i a Legas, da hoton da ya ɗauko a Instagram, ya miƙa wa mai bugawa. A nan ake shiga haƙƙin mutane ba a sani ba.

A ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, hoto na wanda ya ɗauka ne tun daga lokacin ɗaukar, ba sai ya yi rajista ba. Haƙƙin yana kaiwa shekara 50 daga ƙarshen shekarar da hoton ya fara fita ga jama'a. Rubuta sunan mai hoton a ƙasa ladabi ne, amma ba ya zama izini.

Izinin baka yana aiki in aro kawai aka ba ka, sai dai ranar musu ba ka da abin nunawa. In kuwa sayen haƙƙin za ka yi, ko kana so ya zama kai kaɗai ke amfani da hoton, doka ta ce sai a rubuce. A fayyace wane hoto, a ina za a sa shi, zuwa yaushe, kuma nawa aka biya. Wanda fuskarsa ke ciki ma yana da tasa maganar, domin sashe na 37 na tsarin mulki da dokar kare bayanai ta 2023 sun kare sirrin mutum. Hajiyar da ka yi wa ɗinkin biki, tambaye ta kafin hotonta ya hau shafinka.

Tambari ya fi zafi. Manna alamar Nike ko Adidas a riga ko silifa keta dokar alamun kasuwanci ne, kuma sauya harafi ɗaya ba ya fid da kai, tunda abin da alƙali ke dubawa shi ne ko kamannin zai ruɗi mai saye. Babbar Kotun Tarayya, wadda reshenta na Legas ke zama a Ikoyi, tana iya dakatar da cinikin, ta sa a miƙa kayan, ta kuma yanke diyya.

Abin da ya fi damun mu shi ne 'yan kasuwarmu da ke zaton takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta kare musu tambari. Sunan kasuwanci kawai ta yi wa rajista. Tambari a ofishin rajistar alamun kasuwanci na Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ake kai shi: a bincika ko wani ya riga ka, a zaɓi rukunin kayanka, a buga a mujallar ofishin, a jira wata 2 ko akwai mai ƙorafi. Rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa kuma duk shekara 14. Rukunin abinci ba ya rufe na tufafi, don haka mai sana'a biyu sai ya shigar da takarda biyu.