Dokar Worms ta 1495: abin da ta hana baraden Jamus da abin da ba ta taɓa ba

Akwai wata magana da ke yawo tsakanin masu sha'awar tarihin Turai, har wasu sun haddace ta kamar karatun allo: wai a tsohuwar Jamus doka ta halatta wa 'ya'yan manyan gidaje fashi, sai a 1495 sarki ya rushe ƙungiyoyinsu, ya tuɓe musu sarauta, washegari ƙasa ta zauna lafiya. Kowace gaɓa ta wannan magana tana bukatar gyara.

Mu fara da batun fashi. Abin da tsohuwar doka ta amince da shi gaba ce mai ƙa'ida. Barden da ke ganin an ci masa haƙƙi, ko bashi ko gado ko gona, zai fara neman shari'a. In bai samu ba, sai ya aika wa abokin rigimarsa wasiƙar shelar gaba. Kundin da Sarki Karl na Huɗu ya fitar a 1356 ya ce sai an ba da kwana uku kafin a kai hari, wanda ya tsallake wannan ya zubar da mutuncinsa. Amma da zarar kwana ukun sun cika, sai ƙona ƙauyuka da kora shanu da kama mutane don kuɗin fansa. Maigidan yana bayan ganuwarsa ta dutse, manominsa ne ke kwana a ciki.

Wannan ƙofa ce aka rufe a babban taron Daular Rum Mai Tsarki, daular da Jamus ke cikinta a lokacin, da aka yi a birnin Worms, ranar 7 ga Agusta 1495, zamanin Sarki Maximilian na Ɗaya, da matsin lambar Akbishop Berthold na Mainz. Dokar ta hau kan kowa, daga sarkin yanki da shugaban coci har barde da birni. Ba wanda zai ƙara yaƙar wani a kan haƙƙinsa, da wasiƙa ko ba wasiƙa. Mai ƙorafi ya tafi kotu, kuma a taron aka kafa babbar kotun daula, wadda ta fara zama a Frankfurt.

Ƙungiyoyin barade fa? Dokar ba ta rushe su ba. Kundin 1356 ne ma ya taɓa hana ƙulla ƙawance ba da izini ba, sai Sarki Sigismund ya ba barade damar haɗa kai a 1422. Ƙungiyar Garkuwar Waliyyi George ta yankin Swabia tana cikin waɗanda suka kafa babban ƙawancen Swabia a 1488 tare da birane da sarakuna, kuma wannan ƙawance ne daga baya ya zama bulalar dokar. Baraden da ba su da ubangida sai babban sarki sun ci gaba da tsara kansu a shiyyoyi uku, Swabia da Franconia da bakin kogin Rhine, har daular ta wargaje a 1806.

Hukuncin shi ne inda aka fi samun ruɗani. Wasu na ɗauka kisa ne kai tsaye, ba haka ba ne. Wanda ya karya dokar ana fitar da shi daga inuwar shari'a ne. Jininsa da dukiyarsa sun halatta ga duk wanda ya same shi, ba kotun da za ta saurari kukansa, ƙasar da aka ba shi riƙo kuma ta koma hannun wanda ya ba shi. Matsalar ita ce takarda ba ta hawa doki. Kotun ba ta da dakaru, sai an samu wani mai ƙarfi da ya ga ribar zartar da hukuncin.

Akwai kuma sakin layi guda da ya fi cizon barade. Dokar ta hana a ba mai laifi shawara ko taimako, ta hana a sauke shi, a ci da shi ko a shayar da shi da gangan. Ga mutanen da kusan duk dangin juna ne ta jini ko ta aure, wannan kamar a ce ka rufe wa ɗan'uwanka ƙofa ne da dare. An ga aikin wannan sashe a 1523. Wani barde, Hans Thomas von Absberg, ya yi suna wajen sace fatake yana datse musu hannu. Rundunar ƙawancen Swabia ta shiga Franconia ta rusa gidajen ganuwa 23, mafi yawansu na waɗanda ake zargi da ba shi mafaka. Shi kansa ya sulale, sai a 1531 wani abokin ta'asarsa ya kashe shi.

Ba zan zubar wa irin su Absberg hawaye ba. Amma duk wanda ya duba tsarin kotun da idon basira zai ga sikelin ya karkata. Barden da ke ƙarar sarkin yanki ba ya zuwa babbar kotu kai tsaye, sai ya fara gabatar da ƙararsa gaban mashawartan sarkin da yake ƙara. Shari'a tana cin shekaru da kuɗi. An karɓe takobin ƙarami, an bar wa babba igwa da sojan haya.

Batun cewa komai ya lafa nan take kuwa, tarihi ya ƙaryata shi. Götz von Berlichingen, mai hannun ƙarfe, ya tare ayarin fataken Nuremberg a kusa da Forchheim a 1512. An fitar da shi daga inuwar shari'a, a 1514 aka yafe masa bisa alkawarin biyan gulden, kuɗin wancan zamani, 14,000. Franz von Sickingen ya yi wa birnin Worms ɗin kansa gaba a 1515, aka yanke masa hukuncin, Maximilian ya ɗage masa saboda yana bukatar mayaƙansa. Sai da ya afka wa Akbishop na Trier a 1522 sannan sarakuna uku suka taru a kansa, igwarsu ta fasa ganuwarsa a Landstuhl, ya mutu a Mayun 1523.

Shekara 72 bayan taron Worms aka yi gaba ta ƙarshe mai girma. Wilhelm von Grumbach, wanda mutanensa suka kashe bishop na Würzburg, ya fake wurin Johann Friedrich, ɗaya daga cikin sarakunan Saxony. A 1567 aka ci birnin Gotha inda ya fake, aka yi gunduwa-gunduwa da Grumbach a tsakiyar kasuwa. Sarkin da ya ba shi masauki ba a kashe shi ba, an tsare shi ne a Ostiriya har ya rasu a 1595.