Waiwaye: yadda aka fara karo-karon sayen kurmi

Wai a haɗa kuɗi a sayi kurmi sukutum, ba noma za a yi ba, ba katako za a yanka ba, a bar shi kawai yadda Allah ya yi shi. Harkar ta kankama ne wajen ƙarshen shekarun 1980, lokacin da labarin sarewa da ƙone dajin Amazon ya cika kafafen labarai na Turai da Amurka.

Kuma fa yara na sahun gaba. A 1987 wasu 'yan firamare a Suwidin suka ji labarin dajin Monteverde na Kosta Rika, sai suka shiga 'yan saye da sayarwa da wasan kwaikwayo suna tara na kansu, kafin ka ce kwabo yaran ƙasashe 44 sun shigo ciki, yau dajin da aka saya da kuɗin ya haura hekta 22,000. Amma kuɗin ba Turawa suka riƙe suka sayi filin da sunansu ba, wata ƙungiya ce ta can ƙasar, Monteverde Conservation League, take saye kuma ita ke gadi. Ƙungiyar World Land Trust da aka kafa a Ingila a 1989, wadda ta fara da ƙasar Beliz, ita ma ta hannun ƙungiyoyin 'yan ƙasa take bi.

Inda aka samu tangarɗa shi ne da attajirai suka shigo da kansu. A 2005 wani attajiri ɗan asalin Suwidin, Johan Eliasch, ya sayi eka kusan 400,000 a Amazon, 'yan Burazil kuwa suka ce ba su san zancen ba, wannan ai mulkin mallaka ne aka sauya wa riga, har a 2008 shugaban Burazil, Lula, ya fito ya ce Amazon tana da masu ita. Ni ban ga laifinsu ba gaskiya, ballantana dajin da ake ta kira fanko akwai mutanen da kakanninsu ke ciki tun kafin a san takardar fili. Ƙungiyar Cool Earth da Eliasch ɗin ya kafa tare da wani ɗan majalisar Birtaniya na lokacin, Frank Field, a 2007 ma daga baya kuɗi take miƙa wa mazauna dajin kai tsaye.

Ga kuma gadi. Saye sau ɗaya ne, amma albashin masu sintiri da man kwalekwale da kuɗin lauya idan wani ya shigo da injin yankan itace, duk shekara sai an nemo su, kuma masu ba da gudummawa sun fi son a ce musu "ka sayi eka ɗaya" da a ce su biya albashin mai gadi.