Mata Masu Dubara

Mata Masu Dubara (MMD) tsari ne na ajiya da rance tsakanin matan karkara, wanda ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna CARE ta soma a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar a 1991. Daga gare shi aka samo tsarin da ake kira VSLA (wato ƙungiyoyin ajiya da rance na ƙauye), wanda ya bazu a ƙasashen Afirka da dama.

Tarihi

Tushensa adashi ne, wanda matan yankin suka gada tun kaka da kakanni. Ana danganta soma aikin da Moira Eknes, wata ma'aikaciyar CARE 'yar ƙasar Norway. Bambancinsa da adashi shi ne ba a kwasa bi da bi. Zubi yana taruwa ne a akwati, mai bukata ta ranta, ta biya da ɗan ƙari, kuma ba a kawo jari daga waje.

Mata kamar 15 zuwa 30 ne ke haɗuwa mako-mako. An fi sanin tsarin da akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku: makullan suna hannun mata uku, akwatin kuma yana kwana a ɗakin ta huɗu, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. A shekarun farko, da yake yawancinsu ba su yi boko ba, da ka ake riƙe lissafi, ana faɗar zubi da bashi da babbar murya kowa ta ji. Bayan wata tara zuwa shekara guda sai a raba uwar kuɗi da abin da ta haifa. Akwai kuma ƙaramin asusu na daban don rashin lafiya ko rasuwa.

Auna tasiri

Nan ne gizo ke saƙar. Matar da ta shiga ƙungiya sau da yawa dama can mai neman na kanta ce, don haka kwatanta ta da wadda ba ta shiga ba yana iya zuzuta amfanin shirin. Shi ya sa masu bincike suka koma zaɓar ƙauyuka ta hanyar ƙuri'a, a kai shirin wasu, a jinkirta wa wasu, sannan a gwada.

Binciken masanin tattalin arziki Dean Karlan da abokan aikinsa kan ƙungiyoyin VSLA a Ghana da Malawi da Uganda, wanda ya fito a 2017, ya gano cewa sana'o'in gida sun ƙaru, muryar mata wajen yanke shawara ta ɗan ƙarfafa, amma abin da gida ke kashewa a cefane bai canza ba. A Mali, wani gwaji a kan shiri mai kama da wannan ya nuna ƙarin dabbobi da sauƙin samun abinci, ba tare da canji a zo a gani a ikon mata a gida ba.

Ce-ce-ku-ce

Wasu malamai suna ɗaukar ƙarin da ake biya a matsayin kuɗin ruwa.

Siyasa

Wasu mambobin MMD sun zama kansiloli tun daga zaɓen ƙananan hukumomin Nijar na 2004.