Yarjejeniyar Abidjan da dokokin kare teku: abin da suka ce, da inda suka shafi mutanen Kaduna

Ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadojin Kogin Kaduna ba a Kaduna yake ƙarewa ba. Yana gangarawa ta Shiroro da Zungeru, ya faɗa Kogin Neja a ƙasar Nupe, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, sannan ya rarrabu a yankin Neja Delta kafin ya shiga Tekun Atilantika. Saboda haka dokokin da aka kafa domin kare teku da halittun cikinsa sun taɓa mu, ko da yake da yawa daga cikinmu ba su taɓa ganin gaɓar teku ba.

Uwar waɗannan dokoki a yankinmu ita ce Yarjejeniyar Abidjan, wadda aka amince da ita a birnin Abidjan na ƙasar Cote d'Ivoire a watan Maris na 1981, ta fara aiki a 1984, ƙarƙashin shirin tekunan yankuna na Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ta shafi ƙasashe 22 da ke gaɓar Atilantika, daga Muritaniya zuwa Afirka ta Kudu, wato gaɓa mai tsawon fiye da kilomita 14,000, wadda kason Najeriya a cikinta ya kai kimanin kilomita 853, daga Legas zuwa Kuros Riba. Dalilin kafa ta a fili yake: kifi ba ya sanin iyakar ƙasa, kuma man da ya malala a ruwan wata ƙasa igiyar ruwa na iya kai shi gaɓar maƙwabciyarta.

Yarjejeniyar ta ɗora wa ƙasashe alhakin hana gurɓatar teku ta kowace hanya: daga jiragen ruwa, daga jibge shara a cikinsa, daga haƙar mai a ƙarƙashinsa, daga iska, da kuma daga tudu. Ta umarce su da su yaƙi zaizayar gaɓa, su taimaki juna idan annobar malalar mai ta auku, su kuma auna illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. Sashe na 11 ne ya yi maganar keɓe wurare na musamman domin kare halittun da ke fuskantar ƙarewa da mazauninsu. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin a Argungu ana hana kamun kifi a kogin Matan Fada har sai lokacin biki ya zo, kuma hanin ne ya sa ake samun manyan kifayen da ake alfahari da su.

Sai dai akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya fahimta sosai, domin a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Yarjejeniya alkawari ce tsakanin gwamnatoci, ba doka ce da ɗan sanda zai kama mutum da ita ba. Sashe na 12 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce babu wata yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da za ta sami ƙarfin doka a Najeriya sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Sashe na 20 kuwa, wanda ya ce gwamnati za ta kare ruwa da iska da ƙasa da daji da namun dawa, yana cikin Babi na Biyu, babin da Tsarin Mulkin kansa ya taƙaita ikon kotu a kansa. Don haka duk wanda yake neman haƙoran wannan al'amari, a dokokin cikin gida zai same su.

Ta fuskar iyaka, ruwan da ke ƙarƙashin cikakken ikon Najeriya ya kai mil 12 na teku daga gaɓa, kusan kilomita 22, sannan dokar 1978 ta ba ta haƙƙin mallakar arzikin teku har zuwa mil 200, kusan kilomita 370. Kamun kifi a wannan ruwa hurumin gwamnatin tarayya ne, kuma Dokar Kamun Kifi a Teku ta 1992 ce ke tafiyar da shi. Dokar ta hana jirgin kamun kifi mai inji aiki ba tare da lasisi ba, ta kuma haramta kashe kifi da nakiya ko guba. Ƙa'idojin da ke ƙarƙashinta sun hana manyan jirage masu jan taru shiga mil biyar na farko daga gaɓa, domin a nan ne ƙananan masunta masu kwalekwale suke neman abincinsu, a nan ne kuma ƙananan kifaye suke girma. Har faɗin idon raga an ƙayyade: milimita 76 ga tarun kifi, 44 ga na jatan lande, saboda ƙaramin da bai isa kamu ba ya sami hanyar zillewa. Jiragen jatan lande kuma wajibi ne su sanya wata ƙofa a jikin tarunsu wadda kunkurun teku zai fice ta ciki idan ya faɗa. Wannan sharaɗi yana da alaƙa da kasuwa, domin dokar Amurka ta hana shigo da jatan landen da aka kama ta hanyar da ke halaka kunkuru.

Wurin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne kurmin mangurof, wato itatuwan da ke tsirowa a cikin laka inda ruwan kogi ya gauraya da ruwan gishiri. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawansu. A tsakanin saiwoyinsu kifi da kaguwa da jatan lande suke hayayyafa, a rafukansu ayu yake kiwo, su ne kuma suke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta ci garuruwan gaɓa. Abubuwa da dama ne suke cin su: sara domin itacen girki da ƙyafa kifi, cike fadama domin gine-gine, malalar mai, da wani irin kwakwa mai suna nipa da aka shigo da shi Kalaba a 1906, wanda yanzu yake mamaye duk inda aka sare. Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 kan ƙasar Ogoni ya ce farfaɗo da yankin na iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Irin waɗannan matsaloli ne suka sa a Yulin 2019 aka rattaba hannu a Abidjan kan ƙarin ƙa'idoji, ciki har da na kula da mangurof wanda ake kira da sunan Kalaba, da na haƙar mai da iskar gas a teku wanda ake kira da sunan Malabo.

Inda maganar ta iso ƙofarmu shi ne gurɓatar da ke fitowa daga tudu, wadda aka yi wa ƙa'ida ta musamman ƙarƙashin yarjejeniyar a garin Grand-Bassam na ƙasar Cote d'Ivoire a 2012. Ƙiyasin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta saba ambata shi ne kusan kashi 80 cikin ɗari na gurɓatar teku daga tudu take zuwa. Ledar ruwa da robar lemo da ake watsawa a kwata, baƙin man da bakanike ya tuttular bayan gareji, ruwan rini da na masana'anta, da takin zamani da maganin feshi da damina ke wankewa daga gonakin fadama, duk hanyarsu ɗaya ce. Madatsun ruwa suna tare wani kaso, amma ba duka ba. Mutumin Kakuri ko Tudun Wada ba zai gurfana a kotu da sunan Yarjejeniyar Abidjan ba, amma dokar da ta kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, a 2007, da dokar auna illar ayyuka ga muhalli ta 1992, da dokokin hukumar muhalli ta jiha, KEPA, suna hawa kansa idan ya zuba abin da bai kamata ba a magudanar ruwa. Haka kuma masuncin da ya zuba guba a kogi ya saɓa wa Dokar Kamun Kifi a Ruwan Cikin Gida ta 1992.

A ganina, raunin tsarin ba a ƙarancin dokoki yake ba, a hukunci da aiwatarwa yake. Bayan an gano gubar masana'antu da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko da ke Jihar Delta ta yanzu a 1988, gwamnati ta yi dokar da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da irin wannan shara. Amma dokar 2006 da ta kafa NOSDRA, hukumar da ke kula da malalar mai, ta sanya tarar naira 500,000 a kowace rana ga kamfanin da bai ba da rahoton malalar mai cikin awa 24 ba, da naira miliyan ɗaya ga wanda ya ƙi tsaftace wurin, kuɗin da ko a lokacin ba su da nauyi a aljihun kamfanin mai, balle yanzu da darajar naira ta faɗi. Ga kuma rarrabuwar hurumi: dokar NESREA ta cire harkar mai da gas daga ikonta, jiragen ruwa suna hannun hukumar kula da sufurin teku, NIMASA, sintiri kuma yana hannun sojojin ruwa, ta yadda laifi ɗaya kan iya faɗawa tsakanin ofisoshi uku.

A Disamban 2022 ƙasashen duniya, har da Najeriya, sun amince a Montreal cewa za su sanya kashi 30 cikin ɗari na tudu da teku ƙarƙashin kariya kafin 2030, a Agustan 2023 kuma Najeriya ta kafa Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa. Cika wancan alkawari yana buƙatar a shata wuraren kariya a teku da doka, a sabunta Dokar Kamun Kifi a Teku ta 1992 da tarar da ke cikinta, a kuma zauna da masuntan gaɓa a fayyace musu inda za su jefa koma da inda ba za su jefa ba.