Kafin ka sha haɗin Sin ko a soka maka allurarsu

Wata baiwar Allah mai hawan jini ta zo awo, na ga jinin ya haura yadda muka saba gani. Ta rantse ba ta taɓa tsallake ƙwayarta ba. Sai da hira ta yi nisa ta zaro wani ƙunshi daga jaka, ta ce shayin ƙarfin jiki ne kawai. Da muka duba jerin abin da ke ciki, sai ga gan cao, wata saiwa mai zaƙi da ke cikin haɗe-haɗen maganin Sin da yawa. Yawan shanta na sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, jini kuma ya hau.

Ban ce mata maganin Sin shirme ba ne, domin ba shirme ba ne. Daga wani ganye da Sinawa suka daɗe suna sha don zazzaɓi Tu Youyou da abokan aikinta suka fitar da sinadarin atemisinin a 1972, wanda shi ne ƙashin bayan maganin zazzaɓin cizon sauro a yau, har aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Amma fa sai da aka tace shi, aka gwada, aka san adadin da za a sha. Ganyen da ke da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin yin ɓarna. A farkon shekarun 1990, a Beljiyam, mata fiye da 100 sun samu ciwon ƙoda bayan shan haɗin rage ƙiba da aka saka wa wata saiwa mai guba a maimakon wadda aka nufa. Wasunsu sai da aka kai ga wankin ƙoda ko dashe. Amurka ma ta hana sayar da ma huang, wani tsiro na maganin Sin, a cikin kayan ƙarin lafiya a 2004 saboda illarsa ga zuciya. Mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin kuwa ya yi kaffa-kaffa da danshen, wata saiwar maganin Sin, tana iya jawo zubar jini.

Akufanca, wato soka siraran allurai a wasu gurabe na jiki, ta haura shekara dubu biyu a ƙasar Sin. Masu ita na cewa suna daidaita wani ƙarfi da ke gudana a jiki. Masu bincike kuma sun fi danganta aikinta da jijiyoyi da sinadaran rage zafi da jiki ke saki da kansa. Inda ta fi nuna amfani shi ne ciwon da ya daɗe, kamar na baya, wuya, gwiwa da ciwon kai mai yawan dawowa. A 2021 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta amince a gwada ta ga masu daɗaɗɗen ciwon da ba a gano musabbabinsa ba. Rage raɗaɗi ke nan, ba warkar da ciwon suga ko daji ba. Idan za a yi maka, ka sa ido a yage ledar allurar a gabanka, a jefar da ita bayan an gama. Allurar da aka maimaita na yaɗa ciwon hanta, wadda aka zurfafa a ƙirji ko saman baya kuma tana iya huda huhu.

Sai kuma wata na'ura mai sakin 'yar wutar lantarki ta wasu faifai da ake manna wa fata. Wutar ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na amfiya (ma'aunin wutar lantarki) ba, shi ya sa galibi ba a jin komai. Ana amfani da ita don ciwon tsoka da gyambon da ya ƙi warkewa, sai dai hujjar amfaninta ba ta kai ta akufanca ƙarfi ba, tallarta ta fi bincikenta yawa. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji kada ya kusance ta. Mai juna biyu da mai farfaɗiya su fara tambayar likita.

Duk ukun ƙari ne a kan jinyar asibiti, ba madadinta ba. Wanda ya ce ka ajiye ƙwayarka tukuna don nasa ya yi aiki, tashi ka ba shi wuri. In za ka zo awo kuma, ka taho da duk abin da kake sha, da kwalinsa, mu karanta tare. Ba faɗa za mu yi maka ba. Ita wannan baiwar Allah ta bar shayin, da ta dawo bayan 'yan makonni jinin ya sauka.