Tagwayen faifan ajiya na kwamfuta

Tagwayen faifan ajiya tsari ne na haɗa faya-fayan ajiya biyu a kwamfuta ɗaya, ta yadda duk abin da aka rubuta a kan ɗaya za a rubuta shi a kan ɗayan a lokaci guda. Masana fasaha suna kiransa RAID 1, wato mataki na 1 na RAID, dabarar haɗa faya-fayai da yawa su yi aiki tamkar guda ɗaya. Kwamfutar tana ganin faya-fayan tamkar guda ɗaya ne, kuma wurin ajiyar da ake samu ba ya wuce girman ƙaramin cikinsu: idan aka haɗa mai terabait 2 da mai terabait 4, terabait 2 kawai za a mora. Aikin tsarin shi ne kwamfuta ta ci gaba da aiki idan faifai ɗaya ya mutu. Ban da mutuwar faifai, kusan duk wata hanyar asarar bayanai tana cin tagwayen ne tare.

Tarihi

Kamfanin IBM ne ya fitar da faifan ajiya na farko a 1956, mai faranti 50 da ke ɗaukar haruffa kimanin miliyan 5. Dabarar rubuta bayani sau biyu ta girmi sunan RAID. Kamfanin Tandem, wanda aka kafa a Kalifoniya a 1974, ya yi amfani da ita a kwamfutocinsa na NonStop da bankuna da kasuwannin hannun jari suka riƙa saya, inda tsayawar na'ura na ɗan lokaci kan jawo babbar asara. Kamfanin DEC ma ya sayar da tagwayen faifai a wajajen 1983.

Sunan RAID ya fito ne daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka. David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz sun ƙirƙire shi a wajajen 1987, suka gabatar da maƙalarsu a taron SIGMOD na masana sarrafa bayanai a 1988. Hujjarsu ita ce tarin ƙananan faya-fayai masu araha zai iya fin babban faifai ɗaya mai tsada sauri. Sai dai yawan faya-fayai yana ƙara yiwuwar ɗaya ya lalace, don haka dole a tanadi hanyar maido da abin da ke kansa. Sun jera matakai 5, suka sa tagwaitawa a mataki na 1. Ita ce mafi sauƙin fahimta, ita ce kuma mafi cin wuri, tunda rabin abin da aka saya yana tafiya ne wajen maimaici.

Tsarin ya shigo kwamfutocin gida ne tsakanin ƙarshen shekarun 1990 da farkon shekarun 2000, lokacin da kamfanoni irin su Promise da HighPoint suka fitar da na'urorin sarrafa faifai masu araha, har aka fara ɗora su a kan babban allon kwamfuta. Intel ya bi sahu a wajajen 2003. A ɓangaren manhaja, Neil Brown ya rubuta mdadm, manhajar sarrafa RAID a Linux, a 2001, Microsoft kuma ya kawo tasa mai suna Storage Spaces tare da Windows 8 a 2012.

Nau'o'i

Akwai uku: na katin sarrafa faifai mai zaman kansa, na babban allo, da na manhaja zalla. Na biyun da na ukun su suka fi yawa a gidaje.

Yadda bayanai ke salwanta

Tagwayen ba su san bambancin rubutu mai kyau da marar kyau ba. Fayil ɗin da aka goge bisa kuskure yana gogewa a duka biyun nan take. Haka nan manhajar ɓarna da ke kulle fayiloli don neman kuɗin fansa, da lalacewar tsarin fayil bayan ɗaukewar wuta. Gobara, sata, da hauhawar wutar lantarki kuwa ba sa buƙatar bayani, tunda faya-fayan suna cikin akwati ɗaya, suna shan wuta daga tushe ɗaya.

Hanyar da ta fi yi wa masu kwamfutar gida illa ita ce mutuwar shiru. Faifai ɗaya yakan fice daga tsarin, kwamfutar ta ci gaba da aiki lafiya lau, mai ita bai sani ba saboda bai saita saƙon gargaɗi ba. Sai bayan watanni, ranar da na biyun ya mutu, a tarar na farkon ya tsaya tun tuni da tsohon bayani. Akwai kuma kuskuren da ke biyo baya: a mayar da tsohon faifan, a umarci tsarin ya kwafe shi a kan mai sabon bayani. Wannan aikin hannu ne, ba laifin na'ura ba, amma yana cikin asarar da ta fi wuyar gyara.

Faya-fayan da aka saya tare, iri ɗaya, daga rukuni ɗaya na masana'anta, suna tsufa tare. A 2019 kamfanin HPE ya yi gargaɗin cewa wasu faya-fayansa na SSD, wato faifan da ba shi da faranti mai juyawa, za su daina aiki idan suka cika awa 32,768 a kunne, saboda kuskure a manhajar cikinsu, kuma waɗanda aka kunna rana ɗaya za su iya mutuwa kusan lokaci guda. Tsarin SMART da faifai ke duba lafiyar kansa da shi yana taimakawa, amma ba a dogara da shi kacokan. Binciken da ma'aikatan Google suka wallafa a 2007 a kan faya-fayai sama da 100,000 ya nuna kimanin kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su ba da wata alama ta SMART ba.

Idan tagwayen suka saɓa a wani gurbi, RAID 1 na gargajiya ba ya iya tantance wanne ne daidai. Tsarin fayil na ZFS, wanda Sun Microsystems ya fitar a 2005, da na Btrfs suna ajiye lambar tantancewa ga kowane yanki, su gyara gurɓataccen daga lafiyayyen.

Maido da bayanai

Idan faifai ɗaya ne ya mutu, ana sa sabo mai girman da bai gaza na tsohon ba, tsarin ya kwafe komai a kansa. Aikin yakan ɗauki awoyi masu yawa a manyan faya-fayai, kuma lokaci ne mai haɗari domin ana karanta wanda ya tsira daga farko har ƙarshe. Shi ya sa ƙwararru ke fara kwashe muhimman fayiloli zuwa wani wuri kafin su soma.

Tagwaitawa tana da wata fa'ida a nan da sauran matakan RAID ba su da ita: kowane faifai yana ɗauke da cikakken bayani, don haka sau da yawa ana iya cire shi a karanta a wata kwamfutar. Abin da kan kawo cikas shi ne inda tsarin ya rubuta bayanan kansa. A mdadm, tsofaffin sigogi 0.90 da 1.0 suna rubutawa a ƙarshen faifai, siga 1.2 kuma kusa da farkonsa, wanda hakan ke sa sai an tayar da shi ta cikin mdadm ɗin kafin a ga fayiloli. Wasu katunan suna da salon rubutu nasu, ta yadda idan katin ya ƙone sai an nemo irinsa.

Idan gogewa aka yi ko faifan yana tangal-tangal, ƙa'idar farko ita ce a daina rubuta komai a kansa. Ana ɗaukar hoton faifan gaba ɗaya, wato cikakken kwafinsa, da manhaja irin GNU ddrescue, wadda ke fara kwashe wurare masu lafiya kafin ta koma kan masu matsala, sannan a yi aiki a kan hoton da TestDisk ko PhotoRec na Christophe Grenier. PhotoRec tana gane fayiloli ta siffarsu, amma ba ta dawo da sunayensu. A faifan SSD, umarnin TRIM, wanda kwamfuta ke sanar da faifan wuraren da ba a buƙata da shi, kan share abin da aka goge ba da jimawa ba. Faifan da ke yin ƙarar ƙas-ƙas kuwa ana kashe shi a kai wa masu ɗakin aiki marar ƙura.

Saɓani

Masana'antu kan rubuta cewa faifan gida zai iya kasa karanta bit 1, wato ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta, cikin tiriliyan 100. Wasu na ganin hakan ya sa sake gina manyan tagwaye bayan mutuwar faifai ɗaya ya zama kasada, wasu na cewa adadin iyaka ce ta sama da ba ta dace da abin da ake gani a aikace ba. Ana kuma jayayya kan ko mai faifai biyu a gida ya tagwaita su, ko ya ware na biyun don kwafin ajiya lokaci-lokaci, kamar yadda ƙa'idar 3-2-1 da ake dangantawa da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ta tanada: kwafi 3, a kan nau'in ma'ajiya 2, ɗaya a wani wuri daban.